Muryar da Goni Ya Ba Akwati

A shekarun da aka fara rataya akwatunan rediyo na waya a zaurukan Fagge, masu kama tasha ɗaya tak, akwai wani mai karanta labarai da ake kira Goni. Muryarsa siririya ce, albashinsa kuma bai fi ta kauri ba. 'Yan siyasa sukan tsallake shi su kai goronsu ga wasu, abin yana ci masa rai.

Wata rana da tsakar rana ya nufi wurin wani boka a bakin kududdufi, bayan Rijiyar Lemo. Bukkar bokan ba ta da taga. An ja igiya daga bango zuwa bango, an jera busassun harsuna a kanta: na rago, na sa, na kura, da waɗansu da Goni bai yarda ya ƙura musu ido ba. A ƙasa ga baƙar tukunya wadda ko ƙuda ba ya sauka a kanta.

Ya ce so yake duk abin da ya karanta a gaskata shi, ko da mutum ya ga akasinsa da idonsa. Boka ya ce wannan mai sauƙi ne, dukiya kuma za ta biyo shi da ƙafarta.

"Me zan biya, Baba?"

"Ba na karɓar kuɗi. Muryar zan ɗauka in ba akwati."

"Ai da ma tasa ce. Da ita nake ci."

"To, kai ka faɗa," in ji boka.

Ya tsaga masa ƙarƙashin harshe da aska, ya cusa baƙin gari, ya sa shi ya tofa jinin a tukunya, sannan ya liƙe bakinta da laka.

Kafin damina ta kewayo, Goni ya gina soro ya sayi mota. Idan ya karanta cewa dubbai sun halarci taron siyasa, har waɗanda suka je suka tarar da fili fayau sai su rantse sun sha turereniya.

Da sanƙarau ya shigo unguwa, masu ba shi goro suka ce batun zai ɓata musu zaɓe. Goni ya karanta cewa jita-jitar 'yan adawa ce. Ya dawo gida ya tarar wuyan ƙaramin ɗansa ya sandare, ya ce wa matarsa Falmata a tafi asibiti. Ta dube shi kamar baƙo.

"Malam, akwati ya ce babu ciwon."

Ya rantse mata shi ne ya karanta, kuma ƙarya ce. Ba ta motsa ba. Ya kinkimi yaron da kansa, amma ya makara. A ranar ya gane cewa maganar da ya yi da bakinsa, ido da ido, babu sauran mai gaskata ta.

Duk da haka bai daina ba.

Ranar da rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, yana hango hayaƙi ta tagar ɗakin karanta labarai, ya shaida wa jama'a cewa gari lafiya, kowa ya fita harkarsa. 'Yarsa Zaituna ta ji, ta ɗauki kwando ta nufi kasuwar Sabon Gari. Da la'asar aka kawo ta a naɗe cikin tabarma. Kafin nan, a labaran da ya karanta, an riga an sa shi ya ce ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Falmata ta ga gawar, ta taɓa ta, ta ce ba 'yarta ba ce. Kullum sai ta zuba mata tuwo ta zauna a bakin ƙofa tana jira, har hankalinta ya gushe. Goni ya durƙusa wa iyayen gidansa su bar shi ya faɗi sunan yarinyar ta akwati, sau ɗaya, ko uwar ta samu ta yi kuka. Suka ce labarin da aka bayar ba ya komawa, suka ɗauki wani a gurbinsa.

An daɗe ana ganinsa a bakin tasha cikin tsumma, yana tare matafiya yana faɗa musu gaskiya, suna kauce masa. Duk wanda kwaɗayi ya sa ya sayar da harshensa, ya sani cewa ƙaryar ba ta tsayawa a gidajen mutane. Iyalinsa ma masu sauraro ne.