Kada Ki Zo da Ita

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a garin Ƙaraye. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma tana da saurin fushi.

Wata rana wayar Ummanta ta faɗi a tsakar gida. Gilashin ya tsattsage, rubutu ba ya karantuwa sai da ƙyar. Yayanta Sabi'u ya ce kafin a kai gyara akwai dabara. Ya haɗa wayar da kwamfutarsa ta kan tebur. Daga nan duk saƙon da ya shigo wayar sai ya fito ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfutar. Ana iya rubuta amsa ma daga can.

Umma ba ta saba da danna kwamfuta ba. Idan Sabi'u yana gida, shi yake rubuta mata. Idan ya fita, yarinyar ce take zama a kujerar.

"Abin da na faɗa shi za ki rubuta," in ji Umma. "Kuma idan ba na kusa, kada ki buɗe mini saƙo."

"To, Umma."

A makon nan ne ƙanwar Umma, Anti Turai, ta haihu a Rogo. Yarinyar ta ƙagu ranar suna ta zo. Ta wanke atamfarta ta goge. Ta gaya wa duk ƙawayenta cewa ita za ta fara goya jaririyar.

Ana gobe suna, Umma ta tafi kitso maƙwabta. Sabi'u yana gona. Yarinyar tana shara sai ta ji kwamfuta ta yi ƙara. Ta leƙa, ta ga sunan Anti Turai.

Ta tuna maganar Umma. Amma ta ce a ranta, ai Anti ce, ba baƙuwa ba. Ta danna.

Saƙon ya ce: "Yaya, don Allah kada ki zo da ita. Wahala kawai za ta ba ki a mota. Ga ta da cin wuri."

Yarinyar ta yar da tsintsiya.

"Ni?" ta ce da ƙarfi. "Ni ce mai ba da wahala? Ni ce mai cin wuri?"

Ta sake karantawa. Idanunta suka kawo ruwa. Wa ya yi wa Anti Turai wanke-wanke lokacin da ta zo hutu? Wa ya riƙa yi mata aike cikin rana? Yanzu don ta haihu, shi ne za ta ce a bar ta a gida?

Ta ja kujera ta zauna. Ta rubuta: "To, mun ji. Mun fasa zuwa gaba ɗaya. Ku ci sunanku. Kuma kada ki ƙara aiko mana da saƙo."

Ta danna wurin aikawa. Saƙo ya tafi da sunan Umma.

Bayan la'asar Umma ta dawo, Sabi'u ma ya shigo. Ko ruwa bai sha ba wayarsa ta yi ƙara. Kakarsu ce daga Rogo.

"Ba ni uwarka," in ji Kaka, ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

Umma ta karɓa. "Iya, ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki, Rahmatu! Me Turai ta yi miki? Yarinya tana jego, ki aiko mata da wannan baƙar magana? Tun azahar take kuka. Ko kunun kanwa ta ƙi sha."

"Wace magana, Iya?"

"Au, tambayata ma kike yi? Ba ke kika ce kin fasa zuwa ba? Haka na tarbiyyantar da ku?"

Kaka ta kashe wayar. Umma ta mayar wa Sabi'u wayarsa, ta gaya masa abin da Kaka ta ce.

Sabi'u ya wuce wurin kwamfuta. Ya karanta saƙon a fili. Ran Umma ya ɓaci ƙwarai.

"Wa ya rubuta wannan da sunana?"

Yarinyar ba ta ɓuya ba. Ta fito ta tsaya, ta cika ta yi fam.

"Ni ce. Kuma ita ta fara! Ta ce kada a zo da ni. Ta ce ina cin wuri a mota."

"Ke?" in ji Umma. "A ina kika ga sunanki?"

"Ai ta ce kada ki zo da ita."

"Sabi'u, koma sama. Karanta mata abin da na sa ka rubuta da safe."

Sabi'u ya koma sama kaɗan, ya karanta: "Turai, in taho da babbar tukunyata ta dafa shinkafa, ko kun samu wata a nan?"



"Tukunya," in ji yarinyar a hankali.

"Tukunya!" in ji Umma. "A kan tukunya kika sa ƙanwata kuka. A kan tukunya uwata ta kashe mini waya. Na hana ki buɗe saƙona, kin buɗe. Kin karanta rabi, kin bar rabi. Sannan kin ari bakina kin yi rashin kunya da shi. Mutanen Rogo ba su ga hannunki ba, sunana suka gani!"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Umma, ki yi haƙuri. Bari in goge shi."

"Ko kin goge a nan, ta riga ta karanta a can," in ji Sabi'u.

Umma ta kira Rogo ta yi bayani. Da ta gama, ta dubi 'yarta.

"Ba za ki ƙara zama a kujerar nan ba sai na yarda da ke. Gobe kuma da bakinki za ki ba su haƙuri. Ba ta waya ba, ba ta kwamfuta ba."

Da safe suka shiga mota zuwa Rogo. Ba a jima ba suka isa. Gidan ya cika da mata. Yarinyar ta ji kamar kowa ita yake kallo.

Ta shiga ɗakin mai jego, ta durƙusa a gaban Kaka da Anti Turai.

"Ni na rubuta saƙon nan, ba Umma ba. Na zaci da ni ake. Ku yafe mini."

Kaka ta harare ta. "Ko da ke ake, haka ake yi wa manya magana?"

"A'a, Kaka."

"Na ji zafi sosai jiya," in ji Anti Turai. "Na zauna ina ta tunanin laifin da na yi wa Yaya. Me ya hana ki jira ta dawo ki tambaye ta?"

"Fushi ne, Anti."

Anti Turai ta dube ta sama da ƙasa. Can sai dariya ta ƙwace mata. "Yanzu ke, 'yar firit da ke, wane wuri za ki ci a mota?"

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Kaka ma ta juya kai tana murmushi.

Anti Turai ta ce, "Tashi, na yafe miki. Zo ki karɓi ƙanwarki. Sunanta Nuriyya."

Yarinyar ta goge hawayenta, ta miƙa hannu biyu ta karɓi jaririyar.

Tun daga ranar ba ta ƙara buɗe saƙon da ba nata ba. Ba ta ƙara yin magana da sunan wani ba tare da izininsa ba. Idan kuma wata magana ta ɓata mata rai, takan tambaya tukuna kafin ta mayar da amsa.