Sunan da Ba a Kira

Zulaihat na durƙushe a tsakar gidansu a Batsari, ta ɗaga kofi daidai bakinta.

"Salmanu, dube ni. Ce ruwa."

Inna, uwar mijinta, ta saki carbi. "Ikon Allah. Ɗan fari, kuma mai sunan marigayi mijina, shi kike kira gatsal? Kunyar a kasuwa kika baro ta?"

Zulaihat ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Shekarar yaron uku, ko "Baba" bai taɓa cewa ba. Sai nuni da yatsa, sai kuka, cokali ma ba ya zama a hannunsa. Inna ta ce miskilanci ne irin na kakansa. Mijin Zulaihat, Nu'uman, malamin firamare, shi ya nace suka kai shi Katsina, a shekarar da albashi ba ya ganin tsakiyar wata, hanyar kuma sai da addu'a. Likitar koyar da magana ta ce kunnensa lafiya lau. A riƙa kiran sunansa, a dube shi ido cikin ido, a yi ta jan sa da hira.

"Gobe zan tafi da shi ƙauyenmu Yasore," in ji Inna. "Ya tashi inda aka san girman manya."

Nu'uman ya durƙusa gabanta. "Inna, laifina ne, ni na sa ta. Wallahi nauyinki take ji fiye da ni. Ki ba mu zuwa kaka."

Inna ta yi ƙwafa, amma ta kwance ƙullin kayanta.

Da suka keɓe ya share wa matarsa hawaye. "Madam, ke ce tica, ni monita. Ba mai ƙwace mana ɗalibi." Sai ga ta tana dariya.

Haka suka yi ta fama, kullum kalma guda, Inna na harararsu. Ranar da aka fara yankan gero Inna na dama fura, yaron ya ja zaninta.

"Ba ni."

Ludayin ya tsaya cak. Tsohuwar nan da ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, tun tana amarya, ta waiga dama da hagu, ta rage murya.

"Salmanu... sake faɗi in ji."

Kunya ado ce, amma ba a bari ta rufe bakin yaro. Zulaihat ta jure gori don ɗanta, Allah kuwa bai bar haƙurinta ya faɗi ƙasa banza ba.