Lemon Sabuwar Shekara a Barandar Alhaji Ma'azu

Babu wanda ya san tsirrai a duk Guangzhou kamar Alhaji Ma'azu. Shi da kansa ya faɗa, ranar da ya jera dashen kofi daga lardin Yunnan a barandar sitonsa na unguwar Sanyuanli. Ya daɗe yana aika wandunan jins Maraɗi, yanzu kuma zai buɗe gonar kofi a Mambila, domin ya kalli bidiyon noma har ƙarshe.

Bayan bikin sabuwar shekarar Sinawa, ganyen ya fara ja kamar tsatsa, yana zuba. Alhaji bai ɓata lokacinsa wajen bincike ba. Bayan sallar Juma'a ya sanar cewa an zuba wa shukarsa guba, kuma bayan shi da ƙanwar matarsa, mutum ɗaya ne ke da makulli: Ussif, ɗan zangon Kumasi, mai loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Nan da nan masu ba Ussif kaya suka tuna suna da dangi a wannan sana'ar.

Ba a kira 'yan sanda ba, kowa yana da dalilinsa a cikin fasfo. Aka kira Hajiya Balkissa ta Yamai, mai saran riguna a kasuwar Canaan, wadda ke raba rigimar 'yan kasuwa.

Ta fara da Ussif.

"Ka hau barandar nan?"

"Hajiya, ni fa na ɗauko su a ka. In kashe su, in sake sauko da su?"

Ta tumɓuke dashe ɗaya, ta sunsuna ƙasar. Babu warin komai, saiwar fara tas. Wanda ya zuba guba a tukunya saiwa yake kashewa.

Sai Aicha, ƙanwar matar Alhaji, mai ba su ruwa.

"Da wane ruwa?"

"Na famfo, Inna. Bokiti ɗaya, duka."

"Na can ƙurya ma?"

"Har su."

Na ƙuryar kore suke shar. Na bakin ƙofa ne suka ƙone, kusa da wasu itatuwan lemo biyu a manyan tukwanen tangaran.

"Waɗannan fa, yaushe suka zo?"

"Bayan biki. Na zo da safe na tarar da su."

Hajiya ta ciro ƙaramin gilashin da take duba zaren yadi da shi, ta ɗora a bayan ganyen kofi. Ƙwari ne jajaye, 'yan mitsi-mitsi, dangin kaska, suna ta kai da kawo. Ta duba ganyen lemon, ta tarar can ne babban gari. Ta kira Basinen da ya sayar da dashen, ta nuna masa ta waya. Ya ce meiyou, wato babu, nasa ba su bar Yunnan da wannan ba, ga na ƙuryar nan shaida. Ya ce ƙwarin tsotse ganye suke, wasunsu kuma kan ɗauki cuta daga itace zuwa itace, don haka babu jami'in da zai bari ko ɗaya ya hau jirgi.

Ta tara Alhaji da Ussif a wani gidan abincin Musulmi, aka kawo shayi.

"Bon. Alhaji, ina ka samo lemon nan?"

"Kyauta ce. Wani laoban, babban mutum."

"Madalla. Amma mutanen garin nan kafin biki suke kyautar lemo, cike da 'ya'ya, an rataya masa jajayen ambulan. Naka bayan biki ya zo, sai zaren ambulan kawai a reshe, ga guntun sigari a ƙasar. In biki ya wuce, bakin titi ake fitar da su, motar shara ta kwashe. Waɗannan biyun wani ya riga motar."

Alhaji ya gyara hula. Ya sake gyarawa.

"Ussif bai hau da su ba," ta ce. "Shi in ya ɗauki kaya, layi duka sai an ji."

Alhaji ya kalli kofin shayinsa.

"Tukwanen ne, Hajiya," ya ce a hankali. "Tangaran mai kyau haka, a ce a zubar?"

Babu wanda ya kalli wani. Hajiya ma, da ta yi nasara, ta shiga neman wani abu a jakarta.

"Juma'a za ka tashi inda ka tashi, ka wanke yaron nan."

"Zan ce cuta ce ta ƙasar nan. Ƙaddara."

"Sunansa fa?"

"Hajiya, a bar shi," in ji Ussif. "Babba ne. In mutane sun ji ba guba, ya isa."

Bai isa ba, kuma duk su ukun sun sani. Hajiya ta ce kayanta na wannan watan Ussif ne zai loda. Alhaji ya tuna yana da alƙawari a kasuwar Baima, ya miƙe, ya ce wa Ussif tunda yana da amalanke, ya taimaka ya sauko da dashen a kai inda za a ƙone, amma a kula da tukwanen.

Ussif ya ce to. Da Alhaji ya fita, ya ɗaga wayarsa ga lambar biya da ke manne a tebur, ya biya shayin duka uku, har da na Alhaji da ba a taɓa ba.