Farantin Khaulah a Gaban Iya

A bakin teku Bahauddeen ya fara ganinta, a wani katafaren otal na Port Dickson inda Hausawan Kuala Lumpur kan je hutu da iyalansu. Gine-gine shida ne iri ɗaya sak, ga bishiyoyin kwakwa, ga wurin ninkaya cike da ihun yara. Ya kusa rabin awa yana neman masallaci, la'asar na neman kuɓuce masa.

"Malam, sau uku ka wuce nan lah," in ji wata budurwa mai shuɗin mayafi. "Surau, wurin sallah, yana bayan building na biyu."

Hausarta a karye take, dariyarta kuwa lafiya ƙalau. Sunanta Khaulah, 'yar Dakta Maitama mai koyarwa a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai, kuma tun tana shekara uku aka kawo ta ƙasar. Bahauddeen dai ya samu sallarsa, amma hankalinsa a gindin kwakwar nan ya bar shi.

Shekara guda suka yi suna musayar saƙo, shi yana ɗan ɗakinsa na unguwar Setapak yana fama da rubutun digiri na uku.

"Sayang, ka yi makan?" ta rubuto masa wata rana, wato masoyi, ka ci abinci?

"Na ci, 'yar Pantai. Gobe Iya za ta sauka, gabana sai faɗuwa yake."

"Don't worry lah. Tsofaffi suna sona."

Iya mahaifiyarsa ce, ta taso daga Kano don bikin kammala karatunsa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Dakta Maitama ya gayyace su kwana uku a wannan otal ɗin don iyalai su san juna kafin a yi maganar aure.

Da safen farko aka haɗu a ɗakin cin abinci, inda kowa ke ɗibar abin da ransa ke so. Khaulah ta iso da fara'arta, ta kama hannun Iya ta kai goshinta tana tsaye, yadda 'ya'yan Malay ke gaida manya. Ta ciko faranti biyu, ta ja kujera ta zauna daf da ita.

"Iya, bismillah! Baha, miƙo mana ruwa."

Mahaifiyarta Hajiya Ɗelu ta yi ta ƙifta mata ido, ita kuwa ko a jikinta. Ta cinye, ta tashi ta ƙaro. Iya ta ɗaure fuska tamau, ko loma ba ta kai baki ba.

Suna komawa ɗaki Iya ta tsare Bahauddeen.

"Wannan ce? Yarinya ta tsaya min ƙerere a ka, ta kira sunanka gatsal, ta zauna tana cika baki tana kallon idona? Tun ba a ɗaura ba ke nan!"

"Iya, a nan ta tashi, ba raini ba ne."

"To ta yi zamanta a nan. Ga Hannatu 'yar ƙanwata a gida, ko ruwa ba ta iya sha a gabana. A bar maganar nan."

Bahauddeen bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba. Ya fita ya zauna a bakin ruwa, ya ɗauki waya. Maza dai sai a hankali, maimakon ya lallaɓa sai ya zazzage mata komai.

"Khaulah, a wurinmu ba a cin abinci a gaban suruka, kuma durƙusawa ake yi a gaida ta. Iya ta ce a bar maganar, wata take so na aura a gida. Ki ba ni lokaci."

"Shekara guda, Baha, ba ka gaya min ba? Ka zuba min ido na ci plate biyu kamar mara tarbiyya."

"Laifina ne, hasken idona. Wallahi ban taɓa tunanin abu ne da ake koya ba."

Ya ƙara tura saƙo bakwai, duk ta karanta ta yi shiru.

Tebur ɗaya aka ware wa iyalan biyu, sau uku a rana. Khaulah ta riƙa zuwa tana durƙusawa, gwiwa ɗaya na neman kayar da ita, sai ta koma can ƙarshe ta zauna ta ce ta ƙoshi. A ɗaki ma baƙin ciki ya hana ta ci. Abin tausayi ne ka ga yarinya mai surutu ta koma kamar baƙuwa a teburin mahaifinta.

Washegari da yamma mata suka fita taka yashi. Ana cikin tafiya jiri ya ɗebi Khaulah, ta tafi luu, Iya da ke kusa ce ta tare ta.

"Tun karin kumallon jiya ba ta sa komai a cikinta ba," in ji Hajiya Ɗelu, idonta ya ciko. "Hajiya, mu za ki ga laifinmu. Mu ne ba mu koya mata ba."

Iya ta dubi Khaulah, ta ce:

"A kawo min ita ɗakina. Ita kaɗai."

Da aka kawo ta, Iya ta rufe ƙofa, ta buɗe akwati, ta fito da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan mai a kwalba. Ta kwaɗa a kwano ta tura mata.

"Kin zaci ke kaɗai ke jin yunwa? Ni ma ban iya ci a gaban mahaifinki ba. Da wannan nake rayuwa tun da muka zo."

Khaulah ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a mayafinta.

"Iya, ki yafe min. Ba zan iya ba, a gabanki."

Iya ta miƙe, ta ja kujera zuwa taga, ta zauna tana fuskantar teku.

"To ga shi na juya baya. Ci."

Khaulah ta ci tana kuka, yaji na ƙona mata harshe. Sai da Iya ta ji hannu na kankare gindin kwano sannan ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"In kin wanke hannu ki ce wa wancan ya kira kawunsa na Kano. A zo a nemi aure yadda ake nema."

Bayan wata huɗu aka ɗaura, da lefen da aka haɗo a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman na Kuala Lumpur. Ranar da aka kawo amarya, Iya ta dafa kanta a gaban jama'a, ta ce:

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yunwar da kika sha domina, kada Allah ya sa ki ƙara jin irinta a gidan ɗana."

Ɗakin duka aka amsa da amin, Bahauddeen kuwa ya fi kowa ɗaga murya.