Tabon Kuncin Hagu

"Innalillahi! Hawwa, me kika yi mini a fuska?"

Zalika ce tsaye bakin taga, madubi a hannunta. A cikin ɗaki ɗazu kwalliyar ta yi kamar abin arziki, amma da hasken rana ya sauka a kanta, sai ga kuncinta na hagu ya yi toka-toka, sai ka ce wadda ta kwana a murhu.

"Haba ƙawata! Daga Faransa fa aka kawo mini kayan nan," in ji Hawwa, tana rufe akwatin kwalliyarta. "Ko dai fatarki ce ba ta saba da abu mai tsada ba?"

Ta saɓi jakarta ta fice tana taunar cingam.

To, bari ku ji yadda aka haihu a ragaya. Zalika malamar lakkol ce, wato makarantar boko, a unguwar Banifandou, baƙa ce mai sheƙi, irin baƙin da ake cewa ya fi wani farin. Sai dai Allah ya halicce ta da tabo a kuncin hagu, baƙi wuluk, faɗinsa kamar ganyen lemo. Tun tana yarinya 'yan ajinsu suka sa ta gaba da tsokana, har ta tsani madubi. Da ta girma sai aminiyarta Balki, mai shagon kwalliya a unguwar, ta koya mata rufe shi. Daga nan ko sayen barkono za ta je kasuwar Petit Marché, sai ta rufe.

Shi kuwa Nasiru, mutumin Damagaram, malamin gona ne da ke aiki da masu lambu a unguwar Gamkalley. Sun daɗe suna son juna kamar su haɗiye juna, amma ba ta taɓa gaya masa zancen tabon ba. Kullum ya zo hira sai ta yi dabara ta ajiye masa kujera ta damanta. Shi kuma ɗan rigima, sai ya ɗauki kujerar ya zagayo hagu! Haka za ta ƙare hirar tana jan mayafi.

Yau Gwaggo Rukayya, yayar mahaifinsa, ta taso tun daga Damagaram da kayan gaisuwa. Kowa ya sani, abin da tsohuwar nan ta ce shi ne magana a gidansu. Balki kuma, wadda ita za ta yi wa Zalika kwalliya, ta tafi kwalliyar wata amarya a ƙetaren kogi, cunkoson gada ya riƙe ta. Ana cikin haka Hawwa ta faɗo da fara'arta, wai ta zo taimako. Hawwa fa ɗiyar kawun Nasiru ce, ita dangi suka so ya aura tun farko. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

"Fofo, fofo, sannunku, ku gafarce ni!" Balki ce ta banko ƙofa tana haki. Da ta ga fuskar sai ta yi turus. "La'ilaha! Wa ya sa miki kore?"

"Hawwa..." Zalika ta fashe da kuka.

"Kore a kan baƙin tabo? Ke ma dai! Sau nawa na gaya miki? Kore na farar mace ne mai jajayen ƙuraje, shi ke kashe ja. Ke taki fatar shafi mai launin ruwan goro take so a ƙasa, sannan fondeten, man daidaita launin fuska, a sama. Wankan tarwaɗa ta sa mai haske-haske, ke ki sa mai duhu. Ga fatarki busasshiya, ta zo ta labta miki hoda kamar za a soya ki! Wallahi yarinyar nan ta san abin da take yi."

"Ni kaina ya ɗaure, Balki, rufe ido kawai na yi..."

"To buɗe shi yanzu. Zauna, share hawayen nan, yanzun nan zan gyara."

Ba ta kai ga buɗe jaka ba Inna, mahaifiyar Zalika, ta shigo, fuskarta ba walwala.

"Baƙi sun iso," ta ce a hankali. "Gwaggon ta ƙi ko shan ruwa. Wai an gaya mata shafe-shafen man sa fari ya ƙona miki fuska, shi kike ɓoyewa. Ta ce ba za a sauke kaya ba sai ta gan ki da idonta."



Sai wayar Zalika ta ɗauki ƙara. Nasiru ne.

"Hasken idona, ina ƙofar gida cikin mota, ni na kawo su Gwaggo. Gabana sai faɗuwa yake, ki ce mini wani abu mai daɗi mana..."

"Nasiru..." in ji ta. "In ka ji na ɓoye maka wani abu, za ka yafe mini?"

"Wane abu kuma, zumata?"

Ta kashe wayar. Tsoro ne fal cikinta, tsoron kada ta rasa shi.

"Miƙo fuskar," in ji Balki, ta riga ta lakato ruwan goro a yatsa. "In na gama, ko da tabarau tsohuwar nan ta zo ba za ta ga komai ba."

Zalika ta daɗe tana kallon yatsan.

"In kin rufe yau, gobe fa? Ranar da na tashi daga barci a ɗakinsa, ke za ki zo ki rufe mini?"

"Ke Zalika!"

"Ba ni sabulu."

Ta wanke fuskarta tas, ta shafa man kaɗanya, ta zizara kwalli. Inna ta dube ta, ta gyara mata mayafi, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Mu je."

Falon cike yake da mata da ƙamshin turaren wuta. Gwaggo Rukayya na hakimce a tsakiya, doguwar tsohuwa mai tsage a kumatu biyu. Hawwa na gefenta tana danna waya. Zalika ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Gwaggo? An zo lafiya?"

"Matso nan, 'yar nan."

Tsohuwa ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske. Ta tsoma bakin mayafinta a kofin ruwan da ta ƙi sha, ta goga a tabon, ta duba mayafin, ta sake gogawa da ƙarfi. Zalika ta runtse ido.

Sai tsohuwa ta kece da dariya!

"Yo wannan ai zanen Allah ne! Ku dube ni nan," ta nuna kumatunta. "Ni sai da wanzami ya danne ni ina tsala ihu kafin na samu nawa. Ita kuwa an ba ta nata kyauta tun daga ciki, kuma wai ɓoyewa take! Kai, yaran zamani!"

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa.

"Ke kuma Hawwa," Gwaggo ta juya, dariyar ta ɗauke, "ina ƙunar da kika rantse mini kin gani?"

"Gwaggo, ni ma ji na yi..."

"Ji kika yi? To ni ma yau na ji, na kuma gani. Tashi ki shigo da kaya, da kanki!"

Hawwa ta miƙe sumui-sumui. Da ta zo wucewa, Balki da ke bakin ƙofa ta raɗa mata, raɗar da kowa ya ji: "Koren nan kada ki yar, 'yar'uwa. Da ke ya dace, ga ƙurajen goshinki sun yi ja."

Gwaggo ta ɗauki kofi ta ce a sake mata ruwa, ƙishi take ji.

Saura babban. Da la'asar ta yi sanyi, Zalika ta fito ƙofar gida. Nasiru na jingine da mota, takalminsa duk taɓon lambu kamar kullum. Ta tsaya gabansa, ta saki mayafin da ta saba ja.

"Ga abin da na ɓoye maka."

Ya dube ta, ya sake dubawa, sai murmushi ya suɓuce masa.

"Alhamdulillahi! Ashe zan sake ganinsa kafin na tsufa."

"Sake gani?"

"Kin tuna wata rana da damina, ruwa ya tsare ki a rumfar mai tumatir a Petit Marché? Kin jiƙe sharkaf, kwalliya duk ta bi ruwa, kina ta masifa da mai tumatir wai ya haɗa miki da ruɓaɓɓu. Ni ne na kawo masa tumatirin, ina bayan kwanduna. Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Da tabon nan na yi ta kwatance har na gano lakkol ɗinku."

Zalika ta dafe ƙirji. "Ka sani? Duk tsawon lokacin nan?"

"Me kike tsammani ya sa nake jan kujera zuwa hagunki? Nemansa nake, ke kuma kina ta jan mayafi!"

"Mugu! Wallahi kai mugu ne! Me ya hana ka faɗa?"

"Sirrinki ne, abar ƙaunata. Na fi so ki ba ni da hannunki."

Tana dariya hawaye na zuba, daɗi kamar ya kashe ta.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ranar wuni Balki ta baje kayanta, ta ɗiga ruwan goro kaɗan a ƙasan idon amarya saboda rashin barcin biki, ta bi da fondeten. Da ta iso kuncin hagu sai ta dakata.

"Amarya, a rufe ko a bari?"

"Zagaye shi," in ji Zalika. "Mai shi na jira."

Gwaggo Rukayya ma sai da ta miƙo tata fuskar, wai a gwada mata ruwan goron nan a ƙasan ido, amma duk wadda ta taɓa mata tsage za su haɗu.

A wurin biki an ajiye kujerar ango ta daman amarya. Nasiru ya iso cikin babbar riga, ya dubi kujerar, ya dubi Zalika, ya sunkuya gaban jama'a ya ɗauke ta cak ya zagayo da ita hagu.

Wannan karon ba ta ja mayafi ba. Kuncin ta ƙara juyo masa.