Makullin Gidan Malam Ja'afar

Suwaiba na tsugune tana gyaran albasa a tsakar gidansu na haya a Wurno, sai ga mijinta Ja'afar ya faɗo, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Suwaiba! Alokeshan ya hito! Mun samu gida!"

Ya damƙa mata makulli a tafin hannu. Shekara da shekaru yana koyarwa a firamare, suna yawo daga wannan haya zuwa waccan, har gwamnati ta fito da tsarin da za a ba ma'aikaci gida a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashinsa. Suwaiba ta manna makullin a ƙirji, hawaye suka zubo mata.

Inna Uwaliya, mahaifiyar Ja'afar, ta leƙo daga ɗakinta. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Shinaka take zaune tare da su, tana ɗan kiwon awakin da Ja'afar ya saya mata.

"Mi anka yi kuke ihu haka?"

Da ta ji labari, sai fuskarta ta sauya.

"Yayanka Mainasara ya riga ya hwaɗa min. Ya ce gidan 'yan boko na, miji da mata kaɗai ka zama ciki. To, ta samu abin da taka so, ta raba ni da ɗana! Ka tahi, Ja'afaru, amma ba da yawuna ba."

Shi Mainasara, tun da Ja'afar ya nemi gidan, so yake in ya fito a sayar wa wani ɗan kasuwa a ɓoye, a zuba kuɗin a fataucinsa na albasa. Da Ja'afar ya ƙi, sai ya bi ta wajen tsohuwa.

Daga ranar Inna ta daina cin tuwon Suwaiba. In ta gaishe ta, sai ta kau da kai. Suwaiba ta shiga kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta sake dama mata fura. Ga ofis kuma an ce duk gidan da ba a shiga ba, wani za a ba. Ja'afar ya rame, ya rasa inda zai sa kansa.

Wata safiya ta riƙo hannunsa.

"Malam, ka maida musu makullin."

"Haba Suwaiba! Ke da kinka hi kowa son gidan ga?"

"Ina son shi, wallahi. Amma ba ni iya barci cikin gidan da Inna ta zubda hawaye kanshi. Abu guda nika roƙo: mu kai ta ta gani tukuna."

Da kyar Inna ta yarda ta hau mashin. Suna isa, Suwaiba ta buɗe babban ɗakin. An share shi tas, ga sabuwar tabarma, ga buta, ga darduma an shimfiɗa ta gabas. A bayan taga kuma ga turke biyu an kafa.

"Wanga ɗaki naki na, Inna. Tun randa munka samu makulli nika zowa ina gyara shi. Turakun na awakinki na. Mu ƙaramin ya ishe mu."

Inna ta dafa bango, ta zauna a hankali. Ta daɗe tana shafa tabarmar.

"An kore ni gidana, ko zane ban ɗauko ba," ta ce. "Tsoro nika ji a sake bari na ni ɗaya. Na zalunce ki, ɗiyata. Ki yahe min."

Suwaiba ta durƙusa ta sa kai a cinyarta, suka yi ta kuka, Ja'afar na bakin ƙofa yana share ido da hula.

Ranar tarewa, Mainasara ya zo da buhun gero a kan mashin, kansa a sunkuye. Suwaiba ce ta fara kawo masa ruwa.

'Yan'uwana mata, da Suwaiba ta rama, da ta yi asarar gida da uwa gaba ɗaya. Tsoho in ya yi faɗa, sau da yawa tsoro ne ke cinsa. A yi haƙuri a lallashe shi, Allah ba Ya tozarta mai kyautata wa iyaye.