Ranar da Maƙwabta Suka Tashi daga Tungar Kyauta

Ranar wata Laraba da la'asar, Maccido ya tattara wayoyin mutanen gari a cikin tsohon buhun shinkafa, zai kai su caji ƙetaren gulbi.

Aikinsa ke nan duk bayan kwana uku. Tungar Kyauta ba wuta, ba sabis, ba makaranta tun da malamin ƙarshe ya tafi hutu bai dawo ba. Ƙauye ne a ƙasar Zurmi, gulbi ya rabu biyu ya sa shi a tsakiya. Da rani a ƙafa ake ƙetarewa kan rairayi. Da damina kuwa sai ta jirgi, jirgin kuma ɗaya ne, na Maccido, wanda ya gada a wurin babansa.

Shekarunsa talatin da biyu, sa'o'insa duk sun watse. Wasu suna dako a Kaura Namoda, wasu suna kabu-kabu a Shinkafi. Shi ba abin da ya riƙe shi sai mahaifiyarsa, Inna Kulu, wadda ta ce ba inda za ta. A ganinta ruwan da ya tsare su shi ne ya hana 'yan bindigar daji shigo musu.

"Inna, rabin gonarmu ya tahi cikin gulbi. Mi muke jira a nan?" Ya tambaye ta yana ɗaure bakin buhun.

"Tahi ka kai wayoyin mutane, ka komo kahin magariba."

Ya fita ransa a jagule. Ya saba, duk sanda ya ɗauki gorar tuƙi sai ya ce da ruwan, "Ni dai in samu mai ɗaukata, ko ina ne in bi shi." Ranar ma ya faɗa.

Sai ya tarar jirgin yana yoyo. Ya tsaya toshewa da tsumma, ya kwashe ruwan da ƙwarya. Kafin ya gama, rana ta yi ja ta rataya a kan gero. Almuru ya kawo kai.

Da ya ɗago, ya ga wata tsohuwa zaune a kan ƙunshin kaya a bakin mashigi. Baƙin saƙi ne a jikinta irin na mutanen da, ta lulluɓe fuskarta. Maccido ya san kowa a garin har da jarirai. Wannan bai san ta ba.

"Sannu Iya. Baƙuwa ce?"

"Na riga kakanka zama nan," ta ce, muryarta can ƙasa. "Fito nike so, ni da iyalina."

Ya waiga. Ba kowa sai ciyawa.

"Ina iyalin?"

"Ga su nan tahe."

Ya ɗauka rikicin tsufa ne. Ya ajiye buhun wayoyi cikin jirgin, ya shiga, ya riƙe mata jirgin da gora. Ta taka ta shiga. Jirgin ko motsi bai yi ba, kamar kara aka ɗora.

Sannan ya ji ya nutsa kaɗan ta gefen hagu.

Ya sake nutsawa ta dama.

Ya sake. Ya sake. Kowane nutso daidai nauyin mutum. Ya ji an dire turmi a kan katako, dum. Ya ji tukwane suna gogar juna. Idonsa kuwa ba ya ganin komai sai tsohuwa ɗaya da jirgi fayau. Ruwa ya hau har saura yatsa huɗu ya shigo ciki.

Ya yunƙura zai tsallaka gaɓa. Gaɓar ta riga ta yi nisa. Jirgin ya tashi da kansa.

Kwaɗin da ke ta kuka suka yi tsit lokaci guda. Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙiyar toka da tsohon rumbu. A bayan wuyansa akwai numfashi. Kusa da gwiwarsa wani jariri ya yi tari, aka jijjiga shi ya yi shiru.

Wayoyin nan da suka kwana biyu a mace suka kama haske a cikin buhu. Duka. Ba wadda ta yi ƙara.

Maccido ya soma Ayatul Kursiyyu. Ya kai tsakiya ya kakare.

Tsohuwar ta ƙarasa masa ita, a hankali, ba kuskure ko ɗaya.

"Mu ma muna karanta ta," ta ce. "Tuƙa."

Ya tuƙa. Can ƙetare yana hango ƙwan sola na rumfar Bawa mai caji. Ya sa wa hasken ido, ya danna gora da duk ƙarfinsa.

"Iya, ina za ku?" Ya tambaya da raɗa.

"Tashi munka yi. Ƙasar ta ruɓe. Ruwa na cin ta ta ƙarƙashi, ku ba ku gani. Ba ta ganin wata damina."

Kan jirgin ya juya. Ya bar saitin rumfar Bawa, ya miƙa inda ruwa ke gangarawa.

"Iya, ga mashigi can."

"Ba can za mu ba."

Ya soka gora don ya tsayar. Nan wurin ya san shi, ruwan iya ƙirji ne. Gorar ta tafi duka ba ta taɓa ƙasa ba.

"Kullum kana hwaɗin a ɗauke ka," tsohuwar ta ce. "Shekara bakwai muna jinka. Mun aje maka wuri."

Wani hannu ya kama masa wuyan hannu. Sanyi ƙalau. Yatsun suka zagaye hannun har sau biyu.

"Zauna," aka raɗa ta hagunsa.

"Zauna," ta damansa.

Gaba gare su gulbin ya buɗe, ba gaɓa ko ta ina. A ƙarƙashin ruwan ya hango wuta jefi-jefi, irin ta murhu lokacin girkin yamma.

Tsohuwar ta kai hannu ta soma ɗage lulluɓinta.

Ya runtse ido.

"Inna na jirana," ya ce. Abin da ya iya fita ke nan. "Inna Kulu. Ba ta da kowa sai ni."

Raɗa ta zagaye jirgin. "Ɗan Kulu ne. Ɗan Kulu."

Yatsun suka ɗan sassauta.

Ya fizge, ya faɗa ruwa.

Bai san yadda ya yi iyon ba. Ya dai san ya sha ruwa, ya san wani abu ya shafi tafin ƙafarsa sau biyu. Ya cafki saiwar wata bishiya, ya ja jiki ya hau taɓo. Gefen garinsu ne. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Jirgi da wayoyi ba a ƙara ganinsu ba.

Da ya isa gida jiƙe sharkaf, ya kwashe duka ya gaya wa Inna Kulu. Ba ta ƙaryata shi ba.

"Tun ina amarya nike jin dakansu bayan rumbu, duk almuru," ta ce. "Ban taɓa zuba ruwan zahi wurin ba, su ma ba su taɓa cuta muna ba. Yau ban ji dakan ba."

Ta miƙe ta soma sauke kwanoninta daga kan jere.

Mutanen gari wasu sun yarda, wasu sun ce zazzaɓi ne ya kama shi a ruwa. Amma ganin Inna Kulu da kanta tana ɗaure kaya ya karya wa kowa gwiwa. Bayan an yanke gero, ruwa ya janye, gida-gida suka ƙetare a ƙafa. Damina ta gaba rassan gulbin biyu suka haɗe. Inda Tungar Kyauta take ya zama ruwa.

Maccido ya kama musu ɗaki biyu a bayan garin Kaura Namoda, ya shiga dako a kasuwar hatsi. Ya soma ƙiba, ya soma barci sosai.

Wata yamma ya dawo daga aiki, ya tarar da Inna Kulu tsaye a jikin katangar baya, ta kanga kunne. Bayan katangar nan kango ne, ba mai zama. Fuskarta cike da fara'ar da ya rabu da gani tun tashinsu.

"Inna, lahiya?"

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Sai ya ji. Taɓarya a cikin turmi, a hankali, ba gaggawa.

"Sun gano mu," ta ce. "Shiga ka gaishe su."